A bar mai koyon girki ya ɓata tukunya

Iyayenmu mata, don Allah a daina ƙwace muciya daga hannun yarinya da zarar tuwo ya fara gudaji. Wadda ba a taɓa barin ta ta ɓata tukunya ba, ba za ta san abin da ke gyara ta ba. Har da samari nake nufi, musamman ɗalibai da gwauraye da suka jingina rayuwarsu ga mai shayi.

Sai dai ɓata abinci haka kawai ba ya koyar da kowa. A gwada da kaɗan, gwangwanin madara biyu na gari ko shinkafa, don a wannan tsadar ba wanda zai yarda a yi masa asarar mudu. In za a sake gwadawa kuma, abu ɗaya tak za a canza. Idan kika ƙara ruwa, kika rage wuta, kika sauya gari duk a lokaci guda, ko da girkin ya yi kyau ba ki san wanne ne ya gyara shi ba.

Ɗauki tuwon masara. Gudaji daga wuri ɗaya yake zuwa, wato zuba busasshen gari da yawa cikin tafasasshen ruwa a tashi ɗaya. Ta waje garin ya dahu nan take ya rufe, cikinsa kuma ɗanye. Shi ya sa ake fara talge. A dama gari da ruwan sanyi har ya yi sumul, a zuba cikin ruwan da ke tafasa ana juyawa, a rufe a bar shi kamar minti 15 har ya yi kauri yana tsalle. Sannan a riƙa barbaɗa tankaɗaɗɗen gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, ana danna muciya a jikin tukunya. A rage wuta, a rufe ya sulala minti 5, a sake tuƙawa, a kwashe. In tuwo yana warin ɗanyen gari, ko ya kwana ya saki, ki koma kan talgen, bai dahu ba aka yi gaggawar tuƙi. Kuka ma haka take, tsinin yatsu ake barbaɗa ta ana kaɗawa da maburgi, wuta a ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda 'yan mata a nan Jos ke kallon bidiyon girki daga Kano ko Legas, su bi komai daidai, abin ya ƙi, sai su yanke wa kansu hukunci cewa ba su da hannu. Hannunki lafiya lau, ƙanwata. Garin Jos yana kan tudu, tsayin mita 1,200 da wani abu, ruwa kuma yana tafasa ne tun wajen digiri 96, bai kai 100 ba. Don haka wake da ganda sun fi daɗewa a wuta. Maganin wake a jiƙa shi tun dare, a rufe tukunya ruf, kada a zuba tumatir sai ya yi laushi, domin tsami yana hana shi nuna. Kanwa tana taimakawa, amma ɗan ƙanƙanin gutsure ya isa. In ta yi yawa, waken ya yi duhu, ya yi ɗaci-ɗaci, cikin yara ya ruɗe.

Sai masa, wadda ta sa mata da yawa kuka a sanyin Disamba. Ƙullun da zai tashi cikin 'yan awoyi a zafin Kano, a nan sai ya yini yana kallon ki. Kafin ki zargi shinkafar, gwada yis ɗin. Cokalin shayi ɗaya da ɗan sukari a ruwa mai ɗumi, wanda yatsa zai iya zama a ciki. In minti 10 ya wuce babu kumfa, ya mutu, jefar da shi. Ruwan zafi ma kashe shi yake yi. In yana da rai, a rufe robar ƙullun, a naɗe ta da bargo, a ajiye kusa da murhu ta kwana. Da safe in ya yi tsami da yawa, ɗan ruwan kanwa zai kashe tsamin. Masar da ta ƙone a waje cikinta ɗanye, wuta ce ta yi wa tanda yawa.

Miyar tumatir ba ta da wani sirri. Tumatirin da ake saye a kasuwar Farin Gada wani lokaci ruwa ne zalla, sai a tafasa markaɗen ya tsotse tukuna, sannan a soya har mai ya taso sama. Wanda ya sauke kafin nan, shi ya gayyato tsami.

Kalmar da na fi so a rage faɗa wa mai koyo ita ce "ki ƙiyasta". Uwar da ta shekara 30 tana tuƙa tuwo idonta ya zama ma'auni, yarinya kuwa ba ta da wannan idon tukuna. A ba ta gwangwani ɗaya da ludayi ɗaya da za ta riƙa aunawa da su kullum, ta samu ƙaramin littafi ta rubuta abin da ta zuba da yadda ya fito. Gishiri da magi kuma a sa rabi da farko, a ɗanɗana bayan miya ta tsotse, sannan a cika.