Ranar da na kai surukina kallon besbol

Cikin ƙungiyoyi 30 da ke buga babbar gasar besbol ta Amurka, ɗaya ce tak ba ta taɓa leƙa wasan ƙarshe na cin kofi ba, wanda suke kira World Series. Ita ce Mariners ta birnin Siyatil, kuma da ita Allah ya haɗa jinina. Ba wanda ya yi mini dole. Wani abokin aiki ne ya ja ni fili farkon zuwana garin, ya saya mini hula, shi ke nan na faɗa. Shi tuni ya koma wani gari ya bar ni da jangwam.

Tun 1977 ake abu ɗaya. Kuma ba rashin gwanaye ba ne. Ken Griffey Jr. a nan ya yi tashe. Ichiro Suzuki ya zo daga Japan a 2001, shekarar da suka ci wasa 116 cikin 162, adadin da har yau ba a wuce shi ba, amma Yankees ta tare su a bakin ƙofa. Daga nan aka shiga fari: kaka 20 a jere ko wasannin fitar da gwani ba su shiga ba. Félix Hernández ya shekara 15 yana yi musu jifa, a 2012 ya fitar da mutum 27 a jere ba wanda ya taka ko tudun farko, amma ya bar ƙungiyar bai taɓa ɗanɗana wasan fitar da gwani ba. Mu kuwa kowace shekara sai mu wanke hula mu ce bana ce.

Ranar 30 ga Satumban 2022 ɗan wasanmu Cal Raleigh ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, bugun da ke ba da maki kai tsaye, fari ya yanke. Sai ga shi an sa wasan fitar da gwani a gidanmu ranar Asabar 15 ga Oktoba da Astros, karo na farko tun 2001. Sun riga sun ci mu biyu a gidansu, in suka ƙara ɗaya mun fita. Na sayi tikiti biyu da kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsu ba. Wanda za mu je tare ya fasa. A lokacin kuwa surukina ya zo daga Kano ganin jikoki, zaman gida ya ishe shi. Uwargida ta ce in tafi da Baba ya sha iska.

"Awa nawa ake yi?" in ji ta.

Na ce uku, in ya yi tsawo. Ta ce to za ta tuƙa tuwo da wuri.

Ni da ko haɗa ido ba na iya yi da Baba, ga mu kafaɗa da kafaɗa cikin mutum sama da dubu 47. Hayaƙin gobarar daji ya rufe garin ranar, Baba ya duba sama ya ce kamar hazon Kano. Muka yi Azahar, aka fara wasa da ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna. Na sunkuyar da kai na yi masa bayani: zango tara ake yi, kowane zango kowace ƙungiya za ta yi bugu har a fitar mata da mutum uku, maki kuma sai mutum ya kewayo tudu huɗu ya dawo gida. Baba tsohon mai kallon Kano Pillars ne, ya gyaɗa kai ya ce ai da sauƙi.

Abin da ya fara faranta masa rai ba wasan ba ne. A filin nan ana sayar da soyayyar fara da barkono da lemon tsami, irin ta mutanen Meziko. Baba ya ga Turawa na tauna fara suna rufe ido suna ɗaukar hoto, ya yi dariya har da tari. Ya ci kofi guda, ya ce ba laifi, sai dai yajin na yara ne.

Zango na uku, ba a ci ba. Na biyar, ba a ci ba. Ana jifa, ana kai duka, ana dukan iska.

"Malam, an ci?"

"Ba a ci ba tukuna, Baba."

Muka sami lungu bayan matakala muka yi La'asar. Muna dawowa allon yana nan da sifili biyu. A tsakiyar zango na bakwai duk filin ya miƙe tsaye ana waƙa, al'adarsu ce ta miƙe ƙafa. Baba ya ɗauki sandarsa, ya ɗauka an tashi. Da ƙyar na iya buɗe baki na ce saura biyu da rabi.

Aka gama na tara, sifili da sifili. Baba ya ce alhamdulillahi, canjaras ma ba faɗuwa ba ce, mu tafi. Nan ne gumi ya keto mini. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, a wannan wasan ba a tashi canjaras."

"To sai yaushe?"

"Sai an ci."

"Alƙalin ba shi da agogo ne?"

Ba shi da shi. Besbol ba a yin ta da lokaci. A wasannin kaka, tun 2020, in an wuce zango tara sai a ɗora mutum a tudu na biyu don a gama da wuri, amma a fitar da gwani ba a yin wannan rangwamen. Ban gaya wa Baba wannan ba, don bayanin ba zai rage masa ciwon baya ba.

Waya ta fara ƙara. Uwargida: tuwo ya huce. Can kuma: Baba ya sha maganinsa? Can kuma ba rubutu, sai alamar tambaya tsagwaronta. A zango na 14 filin ya sake miƙewa aka maimaita waƙar nan. Wannan karon Baba bai motsa ba, ya ce an taɓa yaudararsa. Muka koma lungunmu muka yi Magariba, mai gadin wajen har ya gane mu yana matsar mana da kwandon shara.

Abin da ban lura da shi ba, tun wajen zango na 12 Baba ya daina tambayata ko an ci. Ya tura hula ƙeya, ya jingina haɓa a kan sanda. Wani ɗanmu ya kai wa ƙwallo duka tana can nesa da shi, sai na ji tsaki a gefena. "Wannan yaron ina yake kallo?" Na ce ko mu tafi, dare ya yi. Ya harare ni, ya ce wanda ya ga farkon shari'a ai ya tsaya ya ji hukunci.

Hukuncin ya zo a zango na 18, wato wasa biyu cif a zama ɗaya. Jeremy Peña na Astros ya ɗaga ƙwallo ta faɗa bayan katanga. Muka yi namu bugun, ba abin da ya fito. Ɗaya da nema, bayan awa 6 da minti 22. A mota Baba bai ce uffan ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Yanzu hankalina ya kwanta a kan 'yata. Mutumin da ya iya zama da waɗannan, ba abin da za ta yi ya sake ta." Na rasa ko godiya zan yi. Tuwon dai sai ɗumame aka yi da safe, ni kuma na sha kwana da kwanaki ana gaishe ni a taƙaice.

A 2025 Raleigh ya maka ƙwallo ta tsallake katanga sau 60, muka kai wasa na bakwai da Blue Jays a Toronto, wanda ya ci ya tafi World Series. Muna gaba da uku da ɗaya, George Springer ya yi bugu ɗaya ya kwashe maki uku, aka tashi huɗu da uku. Ina zaune na dafe kai, sai ga kiran WhatsApp daga Kano, inda ko kiran Asuba ba a yi ba. Baba ne. Ko sallamata bai gama amsawa ba ya hau faɗa, wai wa ya ce a sako wannan mai jifan a zango na bakwai. Ina cewa ku yi haƙuri Baba, baɗi ma rana ce, sai na ji an fizge wayar.

Hajiya ce. Ta ce tun ƙarfe ɗayan dare ya hana gida barci, ya ƙarar mata da data, ga hawan jini. Ta ce in faɗa mata tsakanina da Allah me na ba shi ya ci a filin nan. Na ce fara ce kawai, Hajiya. Ta ce in ba ta 'yarta.