Kuɗin jami'o'in baƙaƙen fata a Amurka: bashi ne, ba kyauta ba

Duk lokacin da wani shugaban Amurka ya sanar da ƙarin kuɗi ga tsofaffin jami'o'in baƙaƙen fata, sai a cika gari da guɗa kamar ya yi sadaka. Ni dai ban ga abin guɗa ba.

A 1862 Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta bai wa jihohi filaye su kafa kwalejojin noma da fasaha. A kudancin ƙasar, baƙar fata bai isa ya taka ƙofarsu ba. Da aka yi dokar Morrill ta biyu a 1890, gwamnatin tarayya ba ta tilasta a buɗe ƙofar ba. Zaɓi ta bayar: ko jiha ta karɓi kowa, ko ta gina wa baƙaƙe tasu daban. Jihohin kudu suka zaɓi wariyar, sannan suka riƙa ƙyashin ciyar da abin da suka gina.

Ƙyashin nan har lissafinsa an yi. A Satumban 2023, ministan ilimi Miguel Cardona da na noma Tom Vilsack sun rubuta wa gwamnoni 16 cewa tsakanin 1987 da 2020 jihohinsu sun tauye wa waɗannan makarantu sama da dala biliyan 12. Jami'ar Tennessee State kaɗai tana bin sama da biliyan 2. To amma wasiƙa ce kawai, ba sammaci ba. Kuma Washington ɗin da ke ƙorafi ita ce dokarta ta yarda a sassauta wa jiha har rabin kason da ya kamata ta zuba daidai da kuɗin tarayya. Wanda ya bar ƙofa a buɗe ne yake kukan an yi sata.

Masu cewa zamanin waɗannan jami'o'i ya wuce tunda an soke wariya, su duba waɗanda suka fito daga cikinsu: Martin Luther King daga Morehouse, Kamala Harris daga Howard. Mu ma nan mun ɗanɗana, don Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania suka yi karatu.

Inda aka ga kuɗi na gaske shi ne Maryland. A 2021 jihar ta amince ta biya jami'o'inta huɗu na baƙaƙen fata dala miliyan 577, bayan shekara 15 ana ja-in-ja a kotu.