Ba kowane ɗan kallo ne "groundling" ba

Masu karanta tsofaffin littattafan Turanci kan ci karo da kalmar "groundlings", sai su ɗauka tsohon suna ne kawai na 'yan kallo baki ɗaya. Ba haka ba ne. Rukuni ɗaya take nufi: waɗanda ke tsaye a filin da ke gaban dandamali a gidajen wasan kwaikwayo na Landan, irin su Globe da aka gina a 1599.

Kuɗi ne ya raba mutane. Da peni ɗaya za ka shiga ka tsaya, babu kujera, babu rufi a kanka. In aka tsuge da ruwa, sai dai ka jiƙe. Wanda ya ƙara peni ya hau benaye ya zauna a inuwa, wani penin kuma ya sa a ba shi matashi. Na tsaye suna cunkushe, suna fasa gyaɗar Turawa, suna shan giya, in wasa bai yi musu ba su yi ihu.

Akwai raini a cikin kalmar. Da ita ake kiran ƙananan kifayen da ke kwanciya a ƙasan ruwa, kuma a wasan Hamlet na Shakespeare an ambaci masu tsayuwar a matsayin masu son hayaniya kawai. Abin dariya, su ne suka fi kowa kusa da 'yan wasa.

Sabon Globe da aka buɗe a 1997 har yau yana sayar da tikitin tsayuwa, shi ne mafi araha, kuma masu sayensa ba sa jin haushin sunan.