Yaron Nan Fa Girma Yake Yi

Assalamu alaikum warahmatullah. Yau maganata da iyayen da Allah Ya ba amanar ɗa ko 'ya mai lalurar galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim, da mu dangi da ke kewaye da su.

Kwanaki na ga wata baiwar Allah tana ɓalla wa ɗanta maɓallan riga. Saurayi ne, ya fi ta tsawo, gemu ya fara tsiro masa. Yana tsaye yana kaɗa yatsu, ita kuma sai sauri take kada su makara. Na ce, "Hajiya, da kin bar shi ya gwada." Ta ce, "Malam, tausayinsa nake ji." Wallahi na san har zuciyarta ta faɗa. Amma tun ranar abu ɗaya ke ci mini rai: idan ta kwanta dama, wa zai ɓalla masa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, kuma ba ta wucewa da ƙuruciya. Duk 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata tun 2007, hotunan ƙananan yara ake ta yaɗawa. To ina 'yan shekara 20? Da yawansu suna ɗaka, sun gama makaranta ko an cire su, ba sana'a, ba aboki.

Ku dubi Suratun Nisa'i, aya ta 6. Allah Ya ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Kan marayu ta sauka, amma darasinta ya shafe mu: kafin ranar miƙawa akwai shekarun gwaji. A ba shi kaɗan ya juya, a gani, a ƙara. Kuma a Bukhari da Muslim akwai sahabin da ake yawan cuta a ciniki. Manzon Allah (SAW) ya koya masa kalmar da zai riƙa faɗa duk sanda zai saya ko ya sayar: "La khilaba", wato ban da yaudara. Jimla ɗaya gajera, mai sauƙin riƙewa, mutum ya ci gaba da harkarsa. Wannan hadisi yana taɓa ni ƙwarai, domin da yawan matasan nan haka suka fi koyo. Magana a fili, ba habaici, ba hannunka-mai-sanda, mataki ɗaya bayan ɗaya, a maimaita har ya zauna.

Saboda haka a fara tun yana shekara 12 ko 13. Ya wanke kayansa ko da bai fita tas ba. Ya ƙirga canji. Ya haddace lambar wayar mutum biyu. Abin da ya ƙwallafa wa rai, lissafi ne ko zane ko kwance na'ura, kada a ce shirme ne, sau da yawa nan sana'arsa take.

Sai batun balaga, inda kunya ke cutar da mu. Wankan janaba, jinin haila, iyakar al'aura, wanda ya halatta ya taɓa jikinki da wanda bai halatta ba: in uwa da uba ba su faɗa dalla-dalla ba, mugu ne zai riga su, domin yaran nan kan ɗauki maganar mutum yadda ya faɗe ta. A kuma lura, farfaɗiya kan ɓullo wa wasunsu a shekarun balaga, damuwa ma kan ƙaru. A kai su asibiti, addu'a ba ta hana neman magani. Aure kuwa ba magani ba ne. Wanda zai iya kuma yake so a taimaka masa, a gaya wa ɗaya ɓangaren gaskiya.

Ibada gwargwadon hankali da iko take. Wani zai yi limanci, wani alwala kaɗai nasara ce. In ka ga saurayi ya toshe kunnuwa a sahu saboda ƙarar lasifika, don Allah kada ka harare shi, matsa masa wuri.

Donald Triplett, mutum na farko a rahoton da likita Leo Kanner ya fitar kan lalurar a 1943, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ya koyi tuƙi, ya yi shekaru da dama yana aiki a bankin garinsu a jihar Misisipi ta Amurka, mutanen garin suna kula da shi. Ba kowa zai kai nan ba, akwai wanda zai buƙaci mai kula har ƙarshen rayuwa. Irin wannan, ku zauna da 'yan uwansa tun kuna da rai da lafiya. A san wanda zai zama waliyyinsa, a rubuta magungunansa da abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali, a kuma sa shaidu kan rabonsa na gado.