Jawabin rana ɗaya ba ya raba yaro da tramol

Duk 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, akan tara yara a filin lakwal, a yi jawabai, a raba riguna, a watse. Washegari mai tallar magani yana nan bakin tasha da tirensa. Yayye na fada da ƙungiyoyin unguwa, daga Zariya har Sabon Gari, aikin nan naku ne, amma ba haka ake yinsa ba.

Ku fara sanin ƙwayar. Tramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Wanda ke shigowa ta ɓarauniyar hanya yakan kai 225 ƙwaya guda. Biyu kawai, an ƙetare iyaka. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, numfashi ya ja baya, balle in an haɗa da giya. Ɗan kabu-kabu na sha don ya jure rana, ƙanensa ɗan kolej na kallo.

Ku nemi darakta da kwamitin iyaye su ba ku awa ɗaya a mako, zama 10 zuwa 15 a jere, da yara ƴan shekara 11 zuwa 14, tun ba su ɗanɗana ba. Kada rukuni ya wuce ashirin. Ku bar hotunan mahaukata. Yaro ya san wani mai sha da ke yawo garau, sai ya ɗauke ku maƙaryata. Ku sa su gwaji: wannan ya miƙa ƙwaya yana cewa "kai ba namiji ba ne", wancan ya ƙi, ya tashi ya bar wurin. A maimaita har bakinsa ya saba.

Yaron da ya yi fashin kwana uku, a je gidansu, a gana da mahaifiyarsa, don ita ke fara ganin kuɗin cefane na ɓata. Kora daga lakwal kuwa miƙa shi ne ga dillali.

Wanda ya riga ya kamu, kada a ɗaure shi, kada a yanke masa dare ɗaya. Zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su mayar da shi ga ƙwayar. Likita ne ke rage masa sannu a hankali. In ya faɗi yana jijjiga, ku kwantar da shi a gefe, kada ku cusa masa cokali a baki, ku kai shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha.