Shamuwa ma ta cancanci bango a Yamai

A unguwar da nake zaune a birnin Liyon na Faransa akwai katangar wata makarantar yara da aka zana wa bushiya da tsattsewa da ƙudan zuma, an rubuta sunan kowace a ƙarƙashinta. Mutanen Liyon sun saba da zanen bango tun daga babban zanen masaƙa da aka yi a unguwar Croix-Rousse a 1987, amma wannan ƙaramin ne ya fi tsaya mini a rai, domin babu zaki ko giwa a cikinsa, sai halittun da yaro zai iya cin karo da su a hanyarsa ta komawa gida.

A Yamai kuwa, inda na tashi, dabbar da muke ɗaukakawa ita ce wadda za mu nuna wa baƙo. Raƙumin dawa na yankin Kure, mai nisan kimanin kilomita 60 daga birni, ya cancanci yabonsa, tun da a 1996 guda 49 kaɗai suka rage, yau kuma sun haura 600. Gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, yana riƙe da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, da kututturen itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a cikin hamada har mota ta kayar da shi a 1973. Duk wannan abin alfahari ne, amma ina maƙwabtanmu na kullum? Ina shamuwa, wadda da manomi ya hango ta bisa itace sai ya fara gyaran gona? Ina jemagun da ke rufe sararin unguwar Filato da magariba, da balbelar bakin kogin Isa, da dorinar da masunta ke kauce wa? Angulu, wadda muka raina a mahauta muna yara, ta yi ƙaranci har ba mu lura da lokacin da ta janye ba.

Ba masu zane muka rasa ba, domin duk wanda ya dubi allunan shagunan aski da na teloli ya san akwai gwanaye, kuma gidajen Birni a Damagaram shaida ne cewa ƙawata bango gadonmu ne tun kafin zuwan Nasara. Na san akwai malaman da ba su yarda da zana mai rai ba, kuma ba na ɗaukar maganarsu da wasa. Sai dai gawo da giginya da goriba ba su shiga wannan saɓani ba, haka ma dogon yaron da aka fara dasawa ya zagaye birnin a 1965, wanda yanzu gine-gine ke cinye shi kaɗan-kaɗan.

Da ina da ta cewa wajen magajin gari, da katangun makarantun Bukoki da Talaje zan roƙa a fara da su, a rubuta sunan kowace halitta da Hausa da Zabarmanci, domin ɗan ƙanena da na yi waya da shi kwanan baya ya san sunan shamuwa da Faransanci kawai.