Aikin yanke tumbi: likitocinmu sun kama baki, ƴan kamasho sun samu kasuwa

Duk mai buɗe Facebook ko TikTok a Yamai kwanan nan ya ga tallan nan, hoton mace kafin aiki da hotonta bayan aiki, ga lambar WhatsApp a ƙasa, wai a biya miliyoyin sefa a tafi Tunis ko Istanbul a yanke tumbi don rage ƙiba, kuɗin jirgi da otel da aikin duk a dunƙule, ƴan kwanaki a dawo gida. Masu tallan ƴan kasuwa ne, kamashonsu suke nema, wannan kowa ya sani. Abin da ke ci mini rai shi ne amsar da ake samu in aka tambayi mai niyyar tafiya ko ta yi shawara da likitanta, kusan kullum amsa guda ce: na gaya mishi, ya ce kar in kuskura, in je in rage ci.

Mu nan ba mu da tsarin likitan iyali irin na Faransa inda kowa ke da likitansa a rubuce, amma kowane gida mai ɗan hali yana da dokta ɗin da yake zuwa wajensa, na kilinik ɗin unguwa ko wani ɗan uwa ko wanda ke rubuta ma Hajiya ordonansin tansiyo, wato hawan jini, shekara da shekaru. Shi ne ya san suganta, ya san gwiwarta, ya san haihuwa nawa ta yi. To wanga mutum in aka kawo mishi zancen aikin rage ƙiba sai ya ɗaure fuska ya ce "Hajiya ki yi rejim, ki bar suga da mai, ki riƙa zuwa marshi da safe", shi ke nan an gama, a kira na gaba. Mace mai kilo 130 wadda gwiwa ba ta barinta ta yi sujada sai a kan kujera, wadda numfashinta ke ɗaukewa cikin barci, ita za a ce ta je ta zagaya filin wasa na Seyni Kountché da asuba? Ta gwada, wallahi yawancinsu sun gwada, sun sha shayin rage ƙiba kala kala, sun bar tuwon dare, sun sauke kilo goma sun maida sha biyar.

Kuma likita ya fi kowa sanin dalilin haka. In ƙiba ta kai wani mataki jiki da kansa yake yaƙi da ragewa, mutum na sauke kilo yunwa na ƙaruwa, jikin kuma ya rage yawan abin da yake ƙonewa, shi ya sa masu ƙiba mai tsanani ƙalilan ne ke iya riƙe abin da suka sauke da rejim kaɗai na tsawon shekaru. Ba yau aka fara binciken nan ba. A Suwidin tun 1987 aka fara bibiyar mutum wajen dubu biyu da aka yi ma aikin, ana gwada su da wasu masu irin ƙibarsu da ba a yi ma ba, sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna waɗanda aka yi ma aikin mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu. A Cleveland ta Amurka an gwada aiki da magani zalla ga masu ciwon suga, sakamakon 2012 da na shekara biyar da ya fito a 2017 duk sun nuna aikin ya fi daidaita suga nesa ba kusa ba. Likitan da ya yi karatu a jami'ar Abdou Moumouni ko Dakar ko Rabat yana da waya a hannu, yana iya karanta waɗannan, don haka ban yarda da uzurin rashin sani ba.

Akwai ma ƙa'ida a rubuce ta wanda ya cancanta. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo a raba da tsawonsa a mita sau kansa, abin da likitocinmu ke ce ma IMC. Mace mai tsawon mita 1.60 da kilo 105 tana kan 41. Tun 1991 ƙa'idar Amurka ta ce 40 zuwa sama, ko 35 in akwai ciwo tare kamar suga ko tansiyo, hukumar lafiya ta Faransa ma haka ta tsara a 2009 kuma ta ƙara da cewa sai an yi aƙalla wata shida ana shirya mutum, ya ga likitan abinci, ya ga na ƙwaƙwalwa, a duba cikinsa da kyamara kafin a taɓa shi. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wanga aiki suka sauko da ma'aunin zuwa 35 ko babu wani ciwo. Lissafin nan sikeli da awon tsawo kawai yake buƙata, minti biyu. Da dokta zai yi shi ya ce ma wannan "ke ba ki kai ba, aiki ba naki ba ne", ya ce ma waccan "ke kin kai, zo mu zauna mu yi magana", da an raba mutane da yawa da ƴan kamasho, don su ba ruwansu da IMC, mai kilo 85 da ke son ta shiga ankon biki ma za su karɓi kuɗinta.

Za a ce ai aikin yana da haɗari. Sosai ma kuwa, kuma a nan ne na fi jin haushin shirun. A irin aikin da ake ce ma siliv ana yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a cire, ba ya dawowa har abada. A baifas kuma ana barin ɗan ƙaramin aljihu a haɗa shi da hanji a tsallake wani sashe. Inda aka ƙware mutuwa daga aikin kaɗan ce ƙwarai, amma ɗinkin yana iya yoyo cikin kwanaki ko makonnin farko, wato daidai lokacin da Hajiya ta riga ta sauka a filin jirgin Diori Hamani tana kwance a ɗakinta ana zuwa sannu da hanya. Alamarsa zazzaɓi da bugun zuciya da sauri da ciwon ciki ko kafaɗa. To a garin nan in ka je da zazzaɓi mi za a fara cewa? Palu, zazzaɓin cizon sauro. A ba ka maganin palu ka koma gida, kwana biyu su wuce, alhali abin da ke cikinka na gaggawa ne. Da likitanta ya san ranar da aka yi aikin da irin wanda aka yi, da bugun zuciyar nan kaɗai ya isa ya sa ya tura ta babban asibiti a yi sikana a daren.

Wanda ya yi makonni yana amai bayan aiki bitamin B1 ɗinsa na iya ƙarewa, in aka ɗaura mishi serom mai suga ba a haɗa da bitamin ɗin ba ana iya lalata mishi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin dole a rage mishi adadi bayan aiki, in ba haka ba suga ya faɗi ya sume. Diklofenak da ibuprofen da muke saye wajen mai tebur muna haɗiya kamar gyaɗa suna iya huda wajen ɗinkin, musamman ga mai baifas. Bitamin B12 da sinadarin ƙarin jini da kalsiyam sai an riƙa sha ana awon jini har ƙarshen rayuwa. Mace kuma ana son ta dakata da ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, ga shi da ƙibar ta fara sauka ciki ya fi saurin shiga, wadda ta yi shekaru tana nema sai ga shi ya zo lokacin da jikinta bai shirya ba, wa zai zauna da ita da maigidanta, har da uwar miji in ta kama, a yi maganar tazara? Sai kuma zafinmu. Wanda aka yanke ma tumbi ba ya iya kwankwaɗar ruwa kofi guda a tashi ɗaya, sai kurɓi kurɓi duk yini, ka duba watan Afrilu da Mayu a Yamai ko Tawa da zafi ke wuce 40, ka duba azumi. Likitan Istanbul ba zai yi wanga tunani ba, ya karɓi kuɗinsa ya sallami Hajiya. Wanda ke nan shi ne dokta na unguwa, shi kuma an ɓoye mishi saboda tun farko ya rufe ƙofar magana, wasu har kunya suke ji su koma wajensa don kar ya ce "ba na hana ki ba?"

Masu cewa wanga zance na masu kuɗi ne a ƙasar da yara ke fama da tamowa, sai su je layin masu wankin ƙoda su ga ko suga da tansiyo na tambayar albashi. Masu cewa aiki hanyar ragwaye ce ba su taɓa ganin wanda ya yi makonni yana rayuwa kan romo da kunu cokali cokali ba. Likitocin da ke cewa ba mu da kayan bibiya shi ya sa suke hanawa, hanin nasu bai tsayar da jirgi ko ɗaya ba, mutane na tafiya, bambancin kawai suna tafiya a ɓoye.

Kuma mu daina yi kamar ƙibar nan daga sama ta faɗo. Mu ne muke ce ma amarya "kin yi kyau, lallai maigida na kula da ke" in ta cika, mu ne muke ɗura ma mai jego har ta gama arba'in ta koma ɗakinta ta ninka, maƙwabtanmu Zabarmawa ma an san su da hangandi, al'adar ɗura ma mata abinci don su yi ƙiba. Ƴan mata na sayen sha ka fashe a kasuwa ba mai tambaya, alhali irin su deksametazon da ke ciki su da kansu suna tada suga da hawan jini. Mun tura mace cikin ciwo tun tana shekara ashirin, ta kai arba'in da biyar ƙafa ta kumbura, sannan mu ce mata ba ta da haƙurin barin abinci. Wannan zalunci ne, kuma likitan da ya maimaita mata shi a ofishinsa ya shiga sahun masu yi.

Wasu yanzu sun koma cewa a bar aiki a yi allurar rage ƙiba, irin su Ozempic. Maganin gaskiya ne, yana aiki, amma yana da tsada, yana son firij, in aka daina ƙibar na dawowa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan na jabu da ke yawo. Shi ma in likita bai shiga zancen ba ƙarshenta ta WhatsApp za a saye shi, wajen mutanen nan dai.

Ni ban ce kowane dokta ya riƙa tura mutane aiki ba, wasu bai dace da su ba sam, kuma faɗa musu haka da hujja shi ma aikin likita ne. Abin da nake nema ya auna, ya yi bayani, in mutum ya dage zai tafi ya rubuta mishi tarihin ciwonsa da magungunansa ya tafi da su, ya ce mishi kar ya baro can sai da takardar bayanin aikin da lambar likitan da ya yi shi, ya sa mishi ranar dawowa awo. Ma'aikatar lafiya kuma ta leƙa shafukan nan ta tambayi masu su da izinin wa suke tallan aikin tiyata, ƙungiyar likitoci ta shirya ma ƴaƴanta ko da horon yini guda ne kan yadda ake karɓar wanda ya dawo da yankakken tumbi, don sun riga sun fara dawowa kuma ɗakin gaggawa na asibitocinmu za su faɗo.